Mujalla ta dawo mini da maƙalata cike da gyare-gyare: yaya kuka yi da taku?

Nas, sashen yara, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Na shafe wata takwas ina tattara bayanai kan yadda iyaye mata ke haɗa ruwan gishiri da sukari idan yaro yana gudawa, na rubuta maƙala na aika wa wata mujallar aikin jinya. Jiya ta dawo da shafi uku na gyare-gyare daga masu tantancewa biyu, har barci ya ƙaurace mini. Ina roƙon iyayena da yayyena a wannan aiki su ba ni haske.

Metron, Shika: Wa alaikumus salam, 'yata. Editan da ya ce ki gyara ki sake aikowa bai sallame ki ba. Lokacin da tawa ta dawo, na ja layi na raba takarda gida uku: maganar mai tantancewa, amsata, sai shafi da layin da na gyara, ban tsallake ko ɗaya ba. Inda ban yarda da shi ba, na faɗa cikin ladabi tare da hujja. Kuma ki duba salon kawo madogara, domin ni na jera suna da shekara irin na APA, alhali mujallar lambobi take so irin na Vancouver.

Malamin jinya, Samaru: Tawa matsalar ta fi taki nauyi, ƙanwata. An nemi lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, ni kuwa ban nema ba kafin na fara yi wa majinyata tambayoyi. Tun gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a kan ɗan Adam, a 1975 ake buƙatar kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin bincike tukuna, ba bayan an gama ba. Aikin shekara guda har yau yana cikin kwali a ɗakina.

Ungozoma, Sabon Gari: Sista, kada gajiya ta kai ki ga masu turo imel suna alƙawarin bugawa cikin kwana uku. Na biya su kuɗina, amma da lokacin ƙarin girma ya zo ba a ƙirga mini maƙalar ba. Yanzu sai na nemi sunan mujalla a DOAJ ko AJOL, wato shafukan intanet da ke jera mujallun bincike da aka tantance, kafin in aika.

Nas, Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. Malam, takardar kwamitin tana hannuna. Mama, in na sauka daga aikin dare zan fara da mai tantancewa na biyu, wanda ya tambayi yadda na zaɓi matan.