Manhajar tarihin gasar besbol ta kwamfuta tana cinye min dare: in sayi SSD ko in rage tarihin?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na fara gasar besbol a kwamfuta daga kakar 1901 da ƙungiyoyi 16, yanzu na kai 1984. Wasan kansa lafiya lau yake tafiya, amma manhajar da nake zuba wa bayanai domin ta tattara tarihin gasar, wato ta fitar da shafin kowane ɗan wasa da jerin gwarzaye, ita ce ta zame min ƙarfen ƙafa. Da farko a minti goma take gama kaka guda, yanzu kuwa in na kunna ta bayan isha'i sai tsakar dare. Laftof ɗina RAM ɗinsa, wato ma'ajiyar aikinsa ta wucin gadi, giga 8 ne, faifan ajiyarsa kuma irin na da ne mai juyawa, sannan ba ni da kuɗin sabuwar kwamfuta. Shin in sayi SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, ko in goge bayanan ƙananan gasanni in huta?

Bakano: Wa alaikumus salam. Ka sayi sabuwar kwamfuta mai RAM giga 32, magana ta ƙare.

Injiniya: Malam, ai ya faɗa cewa ba shi da halin hakan. Ɗan'uwa, jinkirin yana da dalili. Ƙungiyoyi 16 masu buga wasa 154 a kaka suna ba da wasanni 1,232. Idan gasarka tana bin tarihin babbar gasar besbol ta Amurka, daga 1977 ƙungiyoyin sun zama 26, kowace tana buga 162, jimla 2,106, kuma idan ka kai 1998 za su zama 30, wasanni 2,430. Kowane wasa yana barin ɗan ƙaramin fayil na sakamakonsa, kuma babu abin da ke wahalar da faifai mai juyawa kamar dubban ƙananan fayiloli, domin sai allurarsa ta je ta nemo kowanne. Ka duba kuma ko manhajar kaka ta ƙarshe kaɗai take ƙarawa, ko kuwa tana sake lissafin komai tun daga 1901 duk lokacin da ka kunna ta.

Dattijo daga Maraɗi: 'Ya'yana, kada wanda ya goge komai kafin ya ji abin da ya same ni. Shekara shida na yi ina renon gasa guda, daga 1871 har na kai 1952. Akwai wani ɗan wasa mai jefa ƙwallo da hannun hagu da kwamfuta ta ƙirƙiro min, na bi shi tun yana ƙaramar gasa har ya ci wasa sama da 300, na san shi kamar yaron gidana. Da jinkiri ya ishe ni sai wani ya ba ni shawarar in share 'yan wasan da suka yi ritaya. Na share da hannuna bayan asuba, ban ajiye kwafi ba. Da na buɗe jerin gwarzaye sai na tarar da layuka babu suna, lambobi kawai a tsaye. Na nemi shafin yaron nan, babu shi. Na rubuta wa masu manhajar har sau uku, amsar da na samu ita ce in dawo da kwafin ajiya, alhali ba ni da shi. Wata biyu ban iya buɗe wasan ba.

Ɗan Zariya: Allah sarki Baba, Allah ya mayar da alheri. Saurin ya ƙaru kuwa bayan sharewar?

Dattijo daga Maraɗi: Kaɗan ne, bai kai asarar ba.

Bakano: To in SSD ne, na sayi mai giga 500 a kan naira dubu 35.

'Yar Kaduna: Yaya, yaushe ke nan? Ni dubu 58 na biya, kuma sai da na zaga shaguna huɗu. Gaskiya dai aikin awa uku ya dawo min minti 50.

Mai Gyaran Kwamfuta: Na hannu ya fi araha, sai dai ba na ba kowa shawarar ya ɗora tarihin shekaru a kan faifan da bai san inda ya fito ba. Kafin ka kashe ko sisi, ka hana manhajar kariya bincikar jakar gasar, domin kowane fayil da aka rubuta sai ta tsaya ta duba shi.

Injiniya: Wannan zai rage, amma idan rumbun bayanan ba shi da fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake, a kan lambar ɗan wasa da shekara, to kowace tambaya sai ta bi layukan teburin ɗaya bayan ɗaya, kuma SSD ba zai warkar da wannan ba.

Mai Gyaran Kwamfuta: Injiniya, da girmamawa, kai gasarka ba ta wuce kaka 12 ba. Wanda bai taɓa kwana yana jiran aikin nan ba bai kamata ya rushe shawarar waɗanda suka gwada ba.

Injiniya: Rumbun bayanai shi ne sana'ata, kuma lissafin bai damu da yawan kakar da na buga ba.

Bakano: Ku yi haƙuri, ita ma manhajar besbol take bugawa, wasan da ba shi da agogon tashi.

'Yar Kaduna: Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne wuta. Batirin laftof ɗina ya mutu, kuma sau biyu ana ɗauke wuta aikin yana tsakiya, fayil ɗin ya lalace, sai na koma farko.

Dattijo daga Maraɗi: Haka nan muke fama, musamman lokacin zafi. Yanzu ba na kunna ta sai na kwafe jakar gasar a filasha biyu.

Mai Gyaran Kwamfuta: Batiran da ake kawowa kasuwa yanzu da yawansu ba sa shekara. A makon jiya guda uku aka dawo min da su.

Ɗan Zariya: Na gode ƙwarai. Na cire jakar daga binciken manhajar kariya, zan gwada a daren nan idan an bar mana wuta. Injiniya, ta yaya zan gane ko rumbun nawa yana da fihirisar?