Tayar da batirin babur bayan ajiyar hunturu

A ƙasashen da ƙanƙara ke rufe hanya, irin su Kanada da arewacin Amurka, babur kan shafe watanni a ajiye. Da bazara ta shigo, sai a murɗa makulli a ji shiru. Masu babura da bakanikai sun tattauna batun, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu na farko: a auna ƙarfin batirin da mita kafin a yi caji. Batiri mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6, wanda ya sauka ƙasa da 12 ya sha wahala, wataƙila ma ya tafi ke nan.

A yi cajin a hankali, da ƙaramar caja ta babur, misali amfiya 1 ga batiri mai Ah 10 (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batiri ke ɗauka). Cajar mota mai ƙarfi dafa shi take yi. In batirin mai ruwa ne, tataccen ruwa (distilled water) za a ƙara, kada a zuba asid. Na litiyam kuwa cajarsa daban.

An ɗan yi saɓani kan jona waya daga batirin mota don tayar da babur. Ni dai ina tare da masu cewa a kashe injin motar tukuna. Bayan babur ɗin ya tashi, mita ta nuna bolt 13.5 zuwa 14.5, in ba haka ba babur ɗin ne ba ya caji.