Neman shawara: na haddace ɗan littafin Python amma na kasa rubuta manhaja

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ina koyon Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, da wani taƙaitaccen jagora mai shafi talatin da abokina ya ba ni. Na bi shi kamar karatun allo, har ina iya kawo ma'anar kusan kowane umarni da ka, amma da zarar na buɗe kwamfuta domin in rubuta nawa sai in rasa ta inda zan fara. Ko misalin farko na littafin, wato print "sannu", kuskure yake nuna mini. Shin in ci gaba da shi ne, ko in nemi babban littafi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, laifin ba naka ba ne, littafin ne ya tsufa. Da alama don Python 2 aka rubuta shi, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, alhali Python 3, da ya fito a 2008, sai an sa abin da print zai nuna cikin baka biyu. Ka rubuta 7/2 ka gani: tsohon zai ba ka 3, sabon kuma 3.5.

Amsa ta biyu: Ƙanena, ka sauya littafin, amma kada ka haddace sabon. Irin wannan jagora ƙamus ne, kuma ba a iya Larabci da haddar ƙamus, ana buɗe shi ne idan kalma ta ɓace wa mutum a tsakiyar magana. Ka ɗauki ƙaramin aiki da ka san lissafinsa, kamar adashen mutum goma da kowa ke zuba naira 5,000 a wata, ka sa manhajar ta faɗi mai kwasa da jimillar kuɗinsa. Lokacin da na gwada wannan, sai manhajata ta ba mutum na biyu kwasar farko, domin ban lura cewa Python daga 0 yake fara ƙirga jeri ba. Na karanta layin da ya faɗi haka sau da yawa, amma sai ranar ya zauna mini.

Amsa ta uku: Ka riƙa buga misalai da hannunka, kuma bayan layin da ya ƙare da ruwa biyu ka shigar da na ƙarƙashinsa ciki da tazara huɗu, domin a Python tazarar ma tana cikin umarnin.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Na gwada, 3.5 ta ba ni, kuma yau da dare zan fara da adashen mahaifiyata.