Yaya zan ɓamɓare tsoffin katunan soyayya ba tare da na lalata su ba?

Assalamu alaikum jama'a. Taimakon masana tsoffin takardu nake nema.

Na sayi wani tsohon kundi a kasuwar gwanjo a Faris, cike da katunan gidan waya na soyayya, irin waɗanda ake ɗaukar hoton saurayi da budurwa sannan a shafa launi da hannu. Kan sarkin da ke jikinsu mai hoton macen nan ne da ke watsa iri, wanda Faransa ta fara fitarwa a 1903. An manna shi ta fuskar hoton, kuma a karkace. Masoyan zamanin da gangan suke yin haka, saƙo ne a ɓoye, tunda kati ba ambulan gare shi ba, iyayen yarinya na iya karantawa.

Matsalata ita ce an liƙe katunan da gam a kan baƙar takarda, rubutun kuwa yana baya. Na kara ɗaya a tururi, sai jan launin furannin ya zube. Wallahi raina ya ɓaci, ban sake taɓa sauran ba.

Da me ake sassauta irin wannan gam ba tare da an jiƙa katin ba? So nake in ga ko bayan a rabe yake biyu, gefe na saƙo gefe na adireshi, don kafin 1904 adireshi kaɗai ake rubutawa a wurin. Uwa uba, in karanta abin da suka faɗa wa juna.