Wace shuka ce za ta jure sanyin Ingila amma ta yi kama da ta gida?

Maman Walid, Leeds:
Slm jama'a, dan Allah masu harkar lambu ku taimaka min. Mun samu gida mai ɗan fili a baya kuma ni dai ba na son ciyawar nan zalla da kowa ke yi, ina son in leƙa taga in ga manyan ganye irin na ayaba ko dabino, sannan ko fure ɗaya ne in samu a Disamba da Janairu lokacin da komai ya bushe. Akwai wanda zai rayu a waje ba sai an shigo da shi ɗaki ba? Ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa, rana kuma gefe ɗaya kawai take samu.

Baban Yara, Manchester:
Wslm Hajiya. Akwai sosai, dabarar ita ce kar ki nemi shukar ƙasar zafi ta gaske, ki nemi 'yan uwanta da suka fito daga wuraren sanyi na Sin da Japan. Na farko Trachycarpus fortunei, ganyenta sak na giginya, tana jure sanyi har wajen digiri 15 ƙasa da sifiri, iska ce kawai ke yayyaga mata ganye don haka ki sa ta kusa da katanga. Ayaba kuma Musa basjoo ake shukawa, amma fa ki cire rai da cin 'ya'yanta, don ganye ake yinta. Da ƙanƙarar farko ta sauka ganyen zai yi baƙi, sai ki sare su ki naɗe gangar jikin da busasshiyar ciyawa da farin yadin nan na lulluɓe shuka, ki rufe saman kar ruwa ya shiga, ko jikin ya mutu ma saiwar na sake tohowa in gari ya yi ɗumi.

Amma lakar nan da kika ambata ta fi sanyin ɗaga min hankali. A ƙasar nan yawanci ba sanyi kaɗai ke kashe shuka ba, saiwa ce ke kwana cikin ruwa wata da watanni har ta ruɓe. Kafin ki kashe ko fam ɗaya kan shuka ki fara gyara ƙasar, ki cakuɗa ta da taki da ƙananan tsakuwa, ki ɗan tada wurin kamar kunya sannan ki dasa a sama. Kuma kar ki dasa komai mai laushi sai ƙarshen Mayu.

Ummu Hafsa, Glasgow:
Maganar fure Yaya, hellebore ki nema, daga Janairu har Maris tana fure kuma inuwa ma take so, gefen naki da ba rana ya yi mata daidai. Sai Mahonia mai fure ruwan ɗorawa tun Nuwamba, ga ƙamshi, sai dai ganyen akwai ƙaya. Sarcococca kuma furenta ƙanana ne ba wani kyau amma ƙamshinta wlh, ki sa ta bakin ƙofa. A inuwar ki haɗa da Fatsia japonica, ganye fato-fato mai sheƙi duk shekara kore, ba ruwanta da lulluɓi. Ki dai kula da yara, hellebore guba ce in aka ci.

Dan Katsina:
A ƙara mata da Cordyline, shukar nan mai dogayen siraran ganye, arha gare ta kuma ko'ina ana samu.

Baban Yara, Manchester:
Malam ni ban ba da wannan shawarar a Leeds ba, sanyin Disambar 2022 ya kashe su da yawa har ƙasa. Masu ganinsu ƙatti a hotunan Cornwall da ke kudu maso yammacin Ingila su tuna can bakin teku ne, ɗuminsa daban.

Maman Walid, Leeds:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To zogale fa? An kawo min iri daga gida.

Ummu Hafsa, Glasgow:
Hhh zogale kam sai a tukunya bakin taga mai rana, ki fitar da shi waje Yuni zuwa Satumba, da sanyi ya shigo ki maido shi ciki ki rage masa ruwa sosai. Zai zubar da ganye, kar ki ɗauka ya mutu ki jefar.