Musayar waƙa kan Sa'udul Faisal, bakin sarki huɗu

Dattijon Misfala:

Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar hanya ta bi da ni ta gefen maƙabartar Adl a nan Makka, sai azumin 2015 ya faɗo mini a rai, ranar da aka sallaci Yarima Sa'udul Faisal, tsohon ministan harkokin wajen Saudiyya, a Harami aka kai shi can. Ina cikin sahun. Da na koma gida barci ya ƙi zuwa sai da na ɗaura waɗannan baitoci. Amsa-amona "ya" ne. Mai amsawa ya riƙe shi, kada ya kawo mini wani.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai mulkin da ba shi ƙarewa,
Sarki da waziri duk masu wucewa,
Shi ne ke nan bayan duniya.

Ɗan Faisal ne, Ɗa'ifa mahaifa,
Ilmin tattali ya je ya zurfafa,
A ma'aikatar mai ya soma sa ƙafa,
Kafin a ba shi ragamar tafiya.

Shekarar da aka harbe mahaifinsa,
Halidu ya ɗora kaya a kansa,
Fahadu ya hau bai canza wurinsa,
Abdullahi ma ya bar shi kan hanya.

Sarki huɗu, shekara 40,
Daga Washinton har birnin Sin,
Kullum a bakinsa akwai Falasɗin,
Har ciwo ya tanƙwara masa wuya.

Labanan ta shekara 15 tana wuta,
A Ɗa'ifa aka tara manyanta,
Aka yi ta ja har aka sasanta,
Bindiga ta yi shiru, aka sha iskar lafiya.

Don yaran da ba su riski abin ba: a 1975 ya zama ministan harkokin waje. Zaman Ɗa'ifa kuwa 1989 ne, 'yan majalisar Labanan aka kwaso aka zaunar da su a garin da aka haife shi, ba su tashi ba sai da takarda a hannu.

Ɗan Tasi na Jidda:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina layin jiran fasinja a filin jirgi na karanta. Tawa ƙwar biyu ce, direba ba shi da lokacin huɗu.

Baba ka wasa gwaninka, na ji,
Yanzu bar ni in taɓa gaskiya.

Shekara 40 ana ta taro,
Ƙudus tana nan hannun maƙiya.

An je Beirut an miƙa tayi,
Ku bar ƙasarmu mu zauna lafiya.

Larabawa duk suka sa albarka,
Sharon ya ture ta gefe ɗaya.

An kawo Fatah da Hamas nan Makka,
Aka sa hannu ana dariya.

Wata huɗu kacal aka ɗauka,
Ɗan uwa ya harbi ɗan uwa ba kunya.

Ni in na ɗau mutum ban kai shi ba,
Ba ya biya na don na iya tuƙi, Baba, ka jiya.

Tayin Beirut 2002 ne, Isra'ila ta koma iyakar 1967 a ƙulla hulɗa da ita. Sharon kuwa shi ne firaministan Isra'ila a lokacin. Ina firamare aka yi shi, yau ga ni da 'ya'ya uku.

Inna ta Riyad:

Kai ɗan nan, baitinka na ƙarshe ya yi tsawo kamar layin da kake ciki. Kuma ba laifinka ba ne, ba ka taɓa kwana da jiniya a kunne ba. Mu da muke Riyad a farkon 1991 mun san abin da ake nufi da yaƙi.

Ina Riyad sanda Saddam ya haukace,
Kuwait a dare ɗaya ta kuɓuce,
Muka liƙe taga da salatif a tsorace,
Jiniya na kuka, ga goyo a baya.

Makami ya faɗo, ƙasa ta girgiza,
Tukunyar tuwo a murhu ta motsa,
Maigida na neman tasha a rediyonsa,
Ni ko ina ta Ya Latifu da hawaye a fuska ɗaya.

Duk da haka da Bush ƙarami ya taso,
Ya ce Bagadaza yake so,
Yarima ya ce masa kar ka ƙaraso,
Mai fasa tulu ba ya tara ruwan a ƙwarya.

Ba su ji ba, suka shiga da ƙarfi,
Rami ya buɗe, ya yi ta zurfi,
Wanda ya yi gargaɗi shi ne mai laifi?
Ɗan nan, auna maganarka da tiya.

Zancen tulu nawa ne, kada a ce shi ya faɗa. Abin da ya faɗa kafin mamayar 2003 shi ne, in aka rusa Iraƙi don a canza mulki, matsala ɗaya za a magance a haifo biyar. A Satumban 2005 kuma ya je har New York ya ce wa Amurkawa suna miƙa wa Iran ƙasar baki ɗaya ba gaira ba dalili. Mutumin da Saddam ya jefa wa ƙasarsa makami ne fa yake wannan magana. Wannan ce ta sa nake ganin girmansa.

Ɗalibin Madina:

Baba, a gafarce ni, ka ce sarki huɗu amma uku ka lissafa. Na huɗun Sarki Salman ne, shi ya karɓi uzurinsa na rashin lafiya a ƙarshen Afrilun 2015 ya naɗa Adil Aljubair. Inna kuma, "girgiza" da "motsa" maƙwabta ne, ba 'yan ɗaki ɗaya ba, amma ban isa in ja da ke ba. Ga biyu daga gare ni, na farko kan taron sulhun Isra'ila da Falasɗinawa a Annapolis ta Amurka, 2007, inda ya ƙi musabaha da Isra'ilawa, na biyu kan taron ƙasashen Larabawa a Sharm ta Masar, Maris ɗin 2015.

A Annapolis an shirya hoto,
Ana jiran hannu ya fito,
Ya bar 'yan jarida da zato,
Ya ce bai zo wasan kwaikwayo ba, ku jiya.

Putin ya aiko da wasiƙarsa,
A taron Sharm aka karanta a gabansa,
Tsoho ya amsa da rawar muryarsa,
Ya ce kuna cikin masu jawo bala'in Siriya.

Ɗan Mai Wurno:

Baba, Inna, ku yi haƙuri da baƙo. Ni daga Mai Wurno ta Sudan nake, bakin Shuɗin Nilu, leburanci ya kawo ni Jidda. Iƙamata ta kusa ƙarewa, don haka ba zan zurfafa ba, iya gwiwa zan shiga.

Inna kin kira shi mai hana yaƙi,
Ban musa ba, ban kuma ƙi,
Amma farin zane ma yana da baƙi,
Bari in juya miki shi ta baya.

A Tunis an tambaye shi a fili,
Ba 'yan adawa makami, mene ne hali?
Ya ce shawara ce mai kyau, ga dalili,
Su kare kai. Halab fa ta sha wuya.

A zauren Shura ya faɗa ba a ɓoye,
Ba mu kiran yaƙi, ku kiyaye,
In an kaɗa gangarsa muna nan a shirye,
Alhali jirage sun tashi kwana biyar baya.

Gangar nan har garinmu ta kai,
Sudan ta ba da soja da sadaukai,
Ɗan maƙwabtanmu ya bi su, shi ne ɗa kaɗai,
Jakarsa ce kawai ta dawo wa Iya.

Ta buɗe ta ga sabulu da carbi,
Da rigar da ta ɗinka masa da zubi,
Ta ninke ta mayar, ba ta ƙara dubi,
Har yau tana ƙarƙashin gado a ajiya.

Zancen Tunis kan 'yan adawar Siriya ne, na ganga kuwa kan yaƙin Yaman. Tsakani da Allah, sanda sojan Sudan suka sauka Adan ta Yaman a Oktoban 2015 Yarima ya riga ya kwanta dama, ban ɗora masa jinin yaron ba. Maganar ganga ce ta tsaya mini a wuya, don mai faɗinta da mai taka rawarta ba gida ɗaya suke ba. Mu ma an yi mana namu zaman a nan Jidda, Mayun 2023, sojan Sudan da mayaƙan RSF da suke yaƙi da su suka sa hannu kan kare farar hula. Ina aikin siminti a garin nan ranar, na yi murna har na saya wa abokan aiki shayi. Ku tambayi mutanen Khartum abin da ya biyo baya.

Inna ta Riyad:

Innalillahi. Ɗana, ba ni da baiti a kan wannan. Allah ya ba Iya dangana. In ka yi waya gida ka ce wata tsohuwa a Riyad tana gaishe ta.

Dattijon Misfala:

Malam ƙarami, na karɓi gyara, tsufa ne ya cinye mini sarki guda. Ɗana na Sudan, ga taka.

Ɗana, Allah ya jiƙan yaro,
Ya ba Iya haƙuri, ya kore tsoro,
Ni ma na san ba a ƙoshi da taro,
Kuma ba a dafa yarjejeniya.

Abin da ɗan tasi ya faɗa da zafi,
Yarima ya riga shi, har ma ya fi,
Ya ce bai ga ranar murna da tafi,
Sai rikici ke gaishe shi da safiya.

Ya ce da me zuciya za ta yi fari,
Ga Falasɗinawa a halin da suke na takuri,
Mai kujera ne ya faɗa, ba ɗan gari,
Shi ya auna kansa, ya ga bai cika tiya.

A 2009 ya yi wannan magana da wata jaridar Amurka, yana kan kujera, ba wanda ya tilasta shi. Ni dalilin waƙata ke nan, ba yawan shekarun ba. A Los Angeles ya cika, aka ɗauko shi zuwa Makka. Ranar sallar, daga inda nake tsaye ko makarar ban hango ba saboda cunkoson masu umara. Kabbara huɗu na ji, na yi tare da liman, wani Bature musulmi a damana, wani ɗan Indonesiya a haguna yana tambayata wa ya rasu.

Ɗan Tasi na Jidda:

Baba na ji, layi ya zo kaina, ga ta ƙarshe kafin in tayar.

Fasinja ya shigo, ɗan Yaman ne,
Da ledar magani zai aika wa ɗiya.

Ta'iz take, ya ce, wurin kakarta,
Shekara shida bai gan ta ba ko sau ɗaya.

Na gaya masa waƙar wa muke yi,
Ya dubi taga, ya ce mu kama hanya.