Kulob ɗin kimiyya a makaranta: mu faɗa gasa kai tsaye ko mu tsaya koyo tukuna?

Malamin_Fiziks:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin fiziks ne a sakandare, shugaban makarantarmu ya ɗora min nauyin kafa kulob ɗin kimiyya da fasaha da yara za su riƙa zama bayan an tashi, kuma shi burinsa mu shiga gasar robot mu ciyo kofi. To ga shi ba mu da kayan LEGO ɗin nan da ake gani a bidiyo, 'yan kwamfutoci ne kawai a lab, yaran kuma babu wanda ya taɓa rubuta ko layi ɗaya na kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Dan Allah waɗanda suka taɓa yi ku ba ni shawara, ta ina ake farawa? Ba na son in tara yara su zo da zumuɗi sannan su watse bayan sati uku.

Injiniya_Waya:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taimaka. Gaskiya ni dai ina ganin ka ajiye maganar kofi a gefe, wannan zangon na farko ka bar yaran su taɓa abu da hannunsu kawai. Ka fara da Scratch, manhajar koya wa yara kod, jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da shi a 2007, kyauta ne kuma akwai wanda ake saukewa ya yi aiki ba tare da intanet ba, yaro zai riƙa jan bulon umarni a kan sikirin yana haɗawa har ya gane mene ne maimaitawa, mene ne "idan kaza ya faru a yi kaza", ba tare da ya sha wahalar rubutu ba. Daga nan sai Arduino, ɗan allon lantarki ne da ake sa wa kod ya sarrafa fitila ko moto, wanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005 saboda ɗalibai, kuma kafin ma ka sayo ko ɗaya akwai shafin intanet na Tinkercad inda za su haɗa waya da fitila a kan sikirin su ga ya kama ko ya ƙone, babu asarar komai.

Aikin farko su sa fitilar LED ta riƙa ƙiftawa. Kar ka raina shi, a nan ne za su tambaye ka me ya sa sai an sa resista, wato ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, sai ka ga dokar Ohm da suka haddace don jarabawa ta zama abu mai rai a gabansu. In sun iya wannan sai robot mai bin layi, wanda ke da sensa biyu a ƙasa masu harba hasken infrared da ido ba ya gani, farin wuri ya dawo da hasken baƙin layi ya shanye shi, da haka yake gane ya karkace sai ya rage gudun taya ɗaya. Abu ɗaya da zan ja kunnenka, kar su jona moton da ke juya taya kai tsaye a ƙafar Arduino, abin da take iya bayarwa lafiya bai wuce milliamp 20 ba, dole sai an sa direban moto irin L298N, wato ɗan allon da ke ba moto wutar da yake buƙata, a tsakani in ba haka ba allon zai tafi.

Malama_Lissafi:
Injiniya na yarda da kai amma ba duka ba. Kulob ɗin da ba shi da ranar da zai nuna aikinsa mutuwa yake yi a hankali, yara suna buƙatar su san ranar kaza za a gwada mu. Dubi FIRST LEGO League, gasar robot ta yara da aka fara tun 1998, minti biyu da rabi kacal ake ba robot a kan tebur, amma wannan ɗan lokacin shi ke sa yara su yi watanni suna gyara abu ɗaya. Kuma ba gudun robot kaɗai ake dubawa ba, ana duba yadda suka tsara shi, da binciken da suka yi kan wata matsala ta gaske, da yadda suke aiki tare. Malam ko ba ku fita waje ba ka shirya taku ta cikin gida, rukuni-rukuni, ka kira iyaye su zo kallo.

Sannan ba duk gasa ce ke cin kayan aiki ba, olimfiyad ɗin lissafi na duniya tun 1959 ake yinsa, a Romaniya aka fara, biro da takarda ne kawai, kuma tsofaffin tambayoyin suna nan a intanet. Wani abin da ke damuna sosai, ka lura da 'yan mata, sau da yawa sai ka ga maza sun kama waya da kwamfuta su kuma an miƙa musu kwali da biron zane wai su yi fosta. Ka riƙa juya aikin duk sati, wadda ta yi rubutu yau ita za ta riƙe kod gobe.

Tsohon_Ɗalibi:
Ni na yi irin wannan kulob ɗin, roƙona ɗaya ne Malam, dan Allah kar ka yi musu aikin. Na ga rukunin da suka zo da abu mai kyau ƙwarai, alƙali ya tambaye su me ya sa suka zaɓi wannan sensa ɗin, duk suka juya suna neman malaminsu da ido, wallahi sai da na tausaya musu. Ka ba kowane rukuni littafi su riƙa rubuta kwanan wata, abin da suka gwada, abin da ya ƙi da abin da suka canza, alƙalai suna son ganin wannan sosai.

Malamin_Fiziks:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da Scratch da Tinkercad, ƙarshen zango mu yi gasar bin layi ta cikin gida kamar yadda Malama ta ce. Injiniya, yara nawa kake ganin ya dace su haɗu a kan allo ɗaya, uku ko huɗu?